“Metre” ko “Meter”: Yadda Haruffa Biyu Suka Raba Turancin Awo

Hukumar kula da ma'aunai ta duniya, BIPM, wadda ke da mazauni a Sèvres kusa da birnin Faris, tana da wani littafi da kowa yake komawa gare shi idan ana maganar SI, wato tsarin awo na mita da duniya ta amince da shi. Bugunsa na tara ya fito a 2019. Nassin Faransanci shi ne na hukuma, shi ake kafa hujja da shi in an samu saɓani, sannan a haɗa masa na Turanci. A cikin na Turancin za ka ga an rubuta “metre”, “litre”, “deca” da “tonne”. Da zarar littafin ya tsallaka teku ya isa Amurka kuwa, sai hukumar ma'aunai ta ƙasar, NIST, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci ta sake buga shi da tata lambar, SP 330, ta bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya ta sauya su zuwa “meter”, “liter”, “deka” da “metric ton”. Tsawon mita bai ƙaru ba, bai ragu ba. Tun 1983 ma'anarsa ita ce nisan da haske yake ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa, kuma a kan wannan babu mai jayayya daga Washington har Landan. Mutanen da suka iya daidaitawa a kan lamba mai tsawo irin wannan sun kasa daidaitawa a kan wanda zai riga wani zuwa tsakanin “r” da “e”.

Tushen kalmar ba na Ingila ba ne, ba na Amurka ba. Faransawa ne suka ƙirƙiro tsarin a zamanin juyin juya halinsu, dokar 7 ga Afrilu 1795 ce ta kafa sunayen “mètre”, “litre” da “gramme”, sun kuwa samo na farkon daga kalmar Girkanci “metron”, wato awo. Da Turanci ya aro su, sai suka faɗo cikin wata rigima da ta riga su zuwa. Turanci cike yake da kalmomin da ya kwaso daga Faransanci masu ƙarewa da “-re”, kuma ƙarni da dama marubutan Ingila suna rubuta su yadda suka ga dama, yau “centre” gobe “center”. Wasu sun juye gaba ɗaya ba su dawo ba: “letter”, “member”, “chapter” da “December” duk sun zauna da “-er” a ko'ina. Sauran kuwa ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara musu nauyi a ɓangaren “-re”, masu ɗab'i na Landan suka bi.

A Amurka Noah Webster ne ya karkata akalar. Malamin makaranta ne da ya yi imani cewa ƙasar da ta ƙwaci 'yancinta daga Birtaniya ta cancanci ƙa'idar rubutu tata, mai bin yadda ake furta kalma. Ƙamus ɗinsa na 1806 da babban na 1828 su suka tabbatar da “center”, “theater” da “color”. Ba duk abin da ya so ya samu karɓuwa ba, kuma ko a Amurkar an bar “acre” da “massacre” yadda suke, don in aka juya su “c” ɗin zai koma furucin “s”. Amma dai kafin tsarin mita ya samu gindin zama a dokar Amurka, idon mai karatu ya riga ya saba da “-er”. Shi ya sa da Majalisar Dokoki ta halatta amfani da tsarin a 1866, jadawalin da ke cikin dokar “meter” da “liter” da “dekameter” ya rubuta. Masu cewa Amurkawa ne suka zo daga baya suka ɓata rubutun “na duniya” sun manta da wannan, sun kuma manta cewa Amurka tana cikin ƙasashe 17 da suka sa hannu a Yarjejeniyar Mita ranar 20 ga Mayu 1875, alhali Birtaniya ba ta shiga ba sai 1884. Abin mamakin dai shi ne ƙasar da ta riga shiga ita ce har yau take auna hanya da mil, nama da laba, fetur da galan.

An yi yunƙurin sauya wannan. Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar komawa tsarin mita a Disamba 1975, sai dai dokar ba ta tilasta wa kowa ba, don haka ba ta yi nisa ba. A 1988 aka sake wata da ta ce tsarin mita shi ne wanda aka fi so a harkar ciniki. Abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne, doka ta ba Sakataren Kasuwanci ikon fassara tsarin SI domin amfanin Amurka, shi kuma ya miƙa aikin ga NIST. Ke nan “meter” a Amurka ya wuce al'adar 'yan jarida, matsayin gwamnati ne a rubuce. Ita kuwa BIPM ba ta ce kowa ya yi kuskure ba. A cikin littafinta ta ambata cewa ana samun ɗan bambancin rubutu tsakanin ƙasashe masu Turanci, ta ce ita dai ta bi wanda ke cikin jerin ƙa'idojin ISO/IEC 80000, ta wuce.

Masu goyon bayan “metre” suna da hujja guda da ba za a raina ba. A Turancin Birtaniya kalmomi biyu ne: “metre” shi ne ma'aunin tsawo, “meter” kuwa na'urar awo ce, kamar ta wutar lantarki ko ta ruwan famfo. Inda bambancin ya fi amfani shi ne a wajen injiniyoyi: “micrometre” kashi ɗaya ne bisa miliyan na mita, “micrometer” kuwa wani ƙaramin ƙarfe ne mai murɗawa da ake auna kaurin waya ko falle da shi. Ba'amurke rubutu ɗaya yake yi wa duka biyun, a baki ne kawai yake bambanta su ta wurin gaɓar da yake dannawa. To amma nawa ne aka taɓa yin asara saboda haka? Mu nan “mita” muke ce wa wadda kamfanin wuta yake liƙawa a bango, “mita” muke ce wa awon fili, ba a kuwa taɓa jin wanda ya rikice ba, don zancen da ke kewaye da kalma shi yake fayyace ta. Sannan su kansu Ingilishin ba su tsaya kan ƙa'ida ɗaya ba. Ma'aunin waƙa “metre” suke rubuta shi, amma baiti mai ƙafa biyar “pentameter” ne; haka “diameter” da “perimeter”, waɗanda ba na'urori ba ne, duk da “-er” suke ƙarewa. Wanda ya ce hankali ne ya tsara rubutun Birtaniya, riƙon sakainar kashi kuma ya tsara na Amurka, bai duba ƙamus da kyau ba. Tarihi ne ya tsara duka biyun.

Maganar giram ma ta nuna haka, don a nan Birtaniya ce ta saki nata. Da “gramme” da “kilogramme” ake rubutawa, irin na Faransa, sannu a hankali gajeren ya rinjaya, har nassin Turanci na BIPM ma “gram” yake amfani da shi. Dokar Ma'aunai ta Birtaniya ta 1985 sai da ta keɓe sashe guda, na 92, don kawai ta ce duk wanda aka rubuta cikin biyun ya halatta. Ba a ji wanda ya yi kukan an zubar da mutuncin harshe ba. Mutanen da suka yarda su yar da haruffa biyu daga wutsiyar “gramme” su ne suka ƙi yarda a juya haruffa biyu a wutsiyar “metre”.

“Deca” da “deka”, wato ninki goma, ba su da wani tasiri, don da wuya ka ga mai Turanci yana amfani da su, kuma alamarsu ɗaya ce, da. Sai in ka je Ostiriya ko Hangari, inda ake sayen cuku da nama a kanti da “deka”, wato giram goma-goma.

Inda maganar ta daina zama ta ado ta koma ta kuɗi shi ne wajen tan. Tan uku ne a duniyar Turanci. Akwai na Amurka, gajere, laba 2,000, wato kimanin kilo 907. Akwai tsohon na Birtaniya, dogo, laba 2,240, kimanin kilo 1,016. Sai na tsarin mita, kilo 1,000 cif. Idan da buhu mai kilo 50 za a lissafa, na mita buhu 20 ne, na Amurka buhu 18 da ɗan ɗoriya, na Birtaniya buhu 20 da kilo 16. Ɗan kasuwar da ya yi cinikin tan 1,000 na alkama yana nufin na mita, aka loda masa na Amurka, ya yi asarar abin da ya kusa tan 93. Birtaniya da ƙasashen da ke bin ta sun warware matsalar da aron rubutun Faransanci, “tonne”, don ya bambanta da “ton”. A takarda abin ya yi, amma a baki mutane da yawa furuci ɗaya suke yi musu, shi ya sa a Ostireliya aka saba sauya wasalin “tonne” don kunne ya rarrabe. Amurkawa kuwa suka ce “metric ton”, kalma biyu, ba ruɗu a takarda, ba ruɗu a waya. A ganina a nan su ne suka fi dacewa, ko da yake dole ce ta sa su: a ƙasar da “ton” kawai yake nufin laba 2,000, harafi biyu da ba a furtawa ba za su isa kariya ba. Akwai kuma suna na uku da tsarin SI da kansa ya tanada, “megagram”, wanda ba shi da aibi ko kaɗan in ban da cewa kusan babu mai faɗarsa.

To me ya sa hukumar da ta damu da kashi ɗaya bisa biliyan ta bar sunaye sakaka? Saboda tun da aka kafa SI a babban taron ma'aunai na duniya na 1960, abin da aka ɗaure shi ne alama, suna kuwa aka bar wa kowane harshe nasa. Bajamushe “Meter” yake rubutawa, da babban baƙi ma. Mutumin Sifen “metro” da “litro”. Ɗan Italiya “chilometro” yake rubutawa, babu “k” ko ɗaya a ciki, ɗan Fotugal kuma da “qu” yake fara tasa kalmar, amma dukansu a allon hanya km za ka gani. In an yarda Italiya ta rubuta “chilometro”, da wane baki za a hana Amurka “kilometer”? Turancin Amurka da na Birtaniya a wannan fuska kamar harsuna biyu aka ɗauke su, kuma wannan dabara ce mai kyau, don da an tsaya sai an daidaita suna da har yau ana zaune a teburin.

Alamomin kuwa ba a wasa da su, kuma a nan ne marubutanmu suka fi yin sakaci. Alama ba gajarta kalma ba ce, don haka ba a sa mata aya, ba a ƙara mata “s” na jam'i. “Kms”, “kgs”, “ltrs” da “gms” da ake gani a jikin kwalaye da allunan talla duk ba sa cikin tsarin. Babban baƙi da ƙarami ma'ana biyu ne: mm milimita ce, Mm kuwa kilomita dubu, mg ɗan ƙwayar magani ne, Mg tan guda. Kilo da ƙaramin k ake rubuta shi, babban K na kelbin ne, ma'aunin zafi. Sunan ma'aunin da aka samo daga sunan mutum da ƙaramin baƙi ake rubuta shi a Turanci, “newton”, “watt”, “pascal”, amma alamarsa da babba, N, W, Pa. A asibiti abin ya fi haka tsanani. Alamar maikurogiram, µg, in likita ya rubuta ta da hannu cikin sauri tana iya kama da mg, bambancinsu kuwa ninki dubu ne. Saboda haka a Amurka ake ba da shawarar rubuta mcg, a Birtaniya kuma a rubuta kalmar cikakkiya. Wannan bambancin yanki ne da rai ya rataya a kansa, amma ba shi ake cacar baki a kai ba.

Lita kuwa alama biyu ta samu. Asali ƙaramin l ne, bisa ƙa'idar cewa babban baƙi na ma'aunan da suka ci sunan mutane ne. Matsalar ita ce a injin buga rubutu da yawancin nau'o'in haruffa, ƙaramin l da lamba 1 kamar an tsaga kara suke, ka rubuta lita 1 ko lita 11 a rasa gane inda lamba ta ƙare. Ƙasashe masu Turanci ne suka fi jin wannan, don su suke rubuta 1 a matsayin sanda miƙaƙƙiya. A 1979 babban taro karo na 16 ya amince da L a matsayin madadi, da niyyar nan gaba a zaɓi ɗaya. A 1990 aka duba aka ce lokaci bai yi ba, har yau kuwa bai yi ba. Amurka, Kanada da Ostireliya L suke so, Turai ta fi riƙe l, shi ya sa kwalbar ruwa ɗaya take ɗauke da 500 mL wata kuma 500 ml. Wani malamin Jami'ar Waterloo a Kanada, Kenneth Woolner, ya taɓa yi wa lamarin barkwanci a fitowar Afrilu 1978 ta wata mujallar malaman kimiyya: ya ƙago tarihin wani Bafaranshe mai yin kwalabe, Claude Émile Jean-Baptiste Litre, don a ce lita ma sunan mutum ta ci, ta cancanci babban baƙi. Wasu suka ɗauka gaske ne, labarin ya shiga wasu wallafe-wallafe kafin a janye shi.

Idan ana neman inda awo ya jawo ɓarna a zahiri, ba a taɓa samun “re” da “er” a wurin ba. Ranar 23 ga Yuli 1983 jirgin Air Canada mai lamba 143, ƙirar Boeing 767, ya tashi daga Montreal za shi Edmonton, mai ya ƙare masa a sararin sama. Kanada tana tsakiyar komawa tsarin mita a lokacin, aka yi lissafin man da laba maimakon kilo, jirgin ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake bukata. Matuƙan suka lallaɓa shi ba inji har suka sauka a wani tsohon filin jiragen soja a Gimli, ba a rasa rai ba. A Satumba 1999 kuma hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter, saboda manhajar kamfanin da ya ƙera shi tana ba da alƙaluma a ma'aunin laba, masu sarrafa shi kuma suna karanta su a matsayin na tsarin mita. Haka galan: na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya lita 4.546, rubutunsu kuwa iri ɗaya ne harafi da harafi. Kalmomin da suka bambanta a ido ma'anarsu ɗaya, waɗanda suka yi kama a ido su ne masu cizo.

Masana kimiyyar sinadarai sun gwada wata hanyar. Ƙungiyarsu ta duniya, IUPAC, ta yi raba-daidai: ta ɗauki “sulfur” irin na Amurka, ta ɗauki “aluminium” da “caesium” irin na Birtaniya. Littattafan makarantun Birtaniya sun koma “sulfur”, amma Ba'amurke har gobe “aluminum” yake rubutawa. Ko da BIPM ta yanke hukunci irin wannan, da wuya ya sauya abin da ake koya wa yara a Ohio.

Taswirar yau a fili take. Birtaniya, Ireland, Ostireliya, New Zealand, Indiya, Afirka ta Kudu, Ghana da Nijeriya “metre” da “litre” suke bi, Filifin kuma, wadda Amurka ta mulka, “meter” da “liter”. Kanada tana tsaka mai wuya: a hukumance “metre” ne, wanda kuma ya yi kusa da “mètre” na Faransancin da doka ta wajabta a jikin kaya, amma kayan maƙwabciyarta da tallace-tallacenta suna kwararowa kullum. Mujallar Nature da ake bugawa a Landan “metre” take sawa, Science ta Washington “meter”, masanin da ya aika musu aiki kuwa ya san editoci za su juya masa kalmar ba tare da sun tambaye shi ba. Abin da yake sauya ma'auni yanzu ba ƙamus ba ne, kwamfuta ce. Manhajojin rubutu da yawa da Turancin Amurka suke zuwa, su ja jan layi a ƙarƙashin “litre”, mai rubutu a Kano ko Accra da ba ya son ganin ja ya danna gyara. Shi ya sa za ka ga rahoto ɗaya kan farashin fetur ya fara da “litre” ya ƙare da “liter”. Wannan gaurayen shi ne abin da edita ya kamata ya hana, ba zaɓin ɗaya daga cikin biyun ba. Ɗalibi ko ɗan jaridar da ke rubutu don masu karatun Nijeriya ya riƙe na Birtaniya tun daga kanun har ƙarshe, wanda ke aika takarda Amurka ya bi nasu.

Akwai bambanci guda da ya fi kusa da mu fiye da duk waɗannan, shi ma BIPM ta bar shi a buɗe. A 2003 babban taro karo na 22 ya ce alamar da ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta tana iya zama ɗigo ko waƙafi, gwargwadon al'adar wuri. Yawancin masu Turanci ɗigo suke sawa, masu Faransanci waƙafi, Afirka ta Kudu ma waƙafi ne a hukumance duk da Turancinta. Nijeriya ta gaji ɗigo, Nijar ta gaji waƙafi. Takardar kaya da aka rubuta a Maraɗi mai ɗauke da 2,500 t tana nufin tan biyu da rabi, mai karanta ta a Kano kuwa tan dubu biyu da ɗari biyar zai gani. Saboda irin wannan ne taron ya sake jaddada cewa kada a raba dubbai da ɗigo ko waƙafi, a bar ɗan fili kawai tsakanin kowane lambobi uku, ta yadda dubu ashirin da biyar zai fito 25 000 ko a wane gefen iyaka aka rubuta shi.